Yadda ake saƙa adon bango da kaba, goro da karan dafi

Na sha ganin masu koyo a unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi sun kwashe makonni suna saƙa, aiki ya yi kyau, kafin damina ta fita launi ya koɗe, fumfuna ta hau. Matsalar daga wajen rini take, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Nemi kaba idan ta zo daga arewa, in babu zaren tukurwa ya isa. Shimfiɗa kuwa tsohon buhun koko na algarara, irin wanda mai fasahar nan Ibrahim Mahama, da ya yi karatu a jami'ar KNUST ta Kumasi, yake lulluɓe manyan gine-gine da shi. Kada ka sayi sabo. Tsohon ya fi arha, kuma tambarin da ke jikinsa ado ne.

Launuka biyu nake yarda da su. Goro, domin fataucinsa ne ya kawo kakanninmu Salaga, daga baya Kumasi. Sai karan dafi, ganyen da masu waakye (shinkafa da wake) ke saye a kasuwar Kejetia, wanda ake jan fata da shi a ƙasar Hausa tun da can. Na haramta wa ɗalibaina galura ta kanti.

Kafin komai, dafa kabar a ruwa da ɗan sabulu na awa ɗaya, ka ɗauraye. Nan na taɓa yin asara. Na tsallake wannan don sauri, maiƙon da ke bayan kaba ya hana rini shiga, jan ya zauna a sama, da aka taɓa da jiƙaƙƙen hannu ya biyo hannun. Aikin wata guda ya tafi haka nan. Bayan wanki, daka goro, ko wanda ya bushe 'yan goro za su zubar, ka tafasa, ka jiƙa kabar ta kwana a ciki. Dacin goron ne ke kama zare. Washegari sai ruwan alif, kimanin kashi 1 cikin 10 na nauyin busasshiyar kabar. Wadda kake so ja, ka tsoma ta a karan dafi da ɗan kanwa, kaɗan fa, in ta yi yawa kaba takan yi gautsi. Wadda kake so ta yi duhu, zuba mata ruwan da ƙusoshi masu tsatsa suka kwana uku a ciki.

Shanya a inuwa inda iska ke bi, har sai ta yi ƙaras in ka lanƙwasa. Raɓar Kumasi ba ta yafe wa mai gaggawa.

Sauran kowa ya iya. Yayyafa ruwa ta yi laushi, ka naɗa kamar faifai ko ka saƙa kamar tabarma, ka ɗinke a jikin buhun da basilla. Ni ina son dagi a tsakiya, wasu na haɗawa da alamar adinkra, zanen gargajiyar Ashanti na garin Ntonso. Rataye shi a gora, ka bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da bango.