Babi na Shida: Kafa Gudumar Inji a Sabuwar Maƙera

Darasi na ɗaya: Ramin gindi

'Yan'uwa maƙera, gudumar inji tana yin aikin masaba, sai dai wutar lantarki ce take ɗaga ta. Wadda ake kawowa daga ƙasar Sin mai aiki da iska, mai nauyin kai kilo 40, tana bugu fiye da sau 200 a minti ɗaya, kuma kowane bugu ƙasa yake sauka. Saboda haka aikin farko a ƙasa yake, tun kafin a ɗora injin a mazauninsa.

Ku zaɓi wuri nesa da bango, inda mutum zai iya kewaya injin ta kowane gefe, kuma ya zama taku biyu ko uku ne daga murhu, domin kada ƙarfe ya huce a hanya. Ku haƙa rami bisa awon da ke cikin takardar da ta zo da injin. Wanda karatunsa bai kai nan ba tukuna, ya kawo takardar aji mu karanta tare, babu abin kunya a ciki.

Ku jera siraran katako ko roba a bangon ramin ta ciki, yadda kankaren gindi ba zai haɗu da daɓen shago ba. Idan suka haɗu, girgiza za ta bi daɓe ta tsaga bango, har ta shiga gidan maƙwabci. Sannan ku sami faffaɗan katako, ku kwafi ramukan ƙafar injin a kansa, ku huda, ku zura dogayen kusoshi masu noti, ku ɗora shi a bakin ramin, domin kusoshin su tsaya daidai inda injin zai zauna. Ku saka rodi. A kwaɓa awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, duka da mazubi guda, a zuba a rana ɗaya ba tare da yankewa ba.

Darasi na biyu: Jira

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka ku karanta a hankali. Bayan an zuba kankare, ana jira kwana 28. Ku rubuta lambar da gawayi a bango: 28. A mako na farko ku rufe kankaren da buhunan algarara, ku riƙa jiƙa su safe da yamma, musamman lokacin hunturu da bazara, domin siminti da ruwa yake yin ƙarfi, idan ya bushe da wuri kuwa sai ya yi gautsi.

Bayan kwana uku za ku taka shi ku ji ya yi tauri, zuciya ta ce ai ya isa. Bai isa ba. Ya dai kama, amma bai gama ƙarfi ba. Kowace safiya ku ja layi ɗaya a bango, ku ƙirga da baki, sai layi ya cika 28. Wanda ya iya ƙirga kuɗin garma zai iya wannan, kuma na san duk kun iya.

Na sani injin yana ajiye, an ci bashi an saye shi, manoma kuma suna jiran fartanya kafin damina. Duk da haka kwana 28 ne. Na taɓa ganin wanda ya kunna nasa a kwana na tara, kusoshi suka yi lako-lako a cikin kankare, dole aka fasa gindin duka aka sake sayen siminti. Abin yana ba ni takaici, domin na faɗa masa a aji har sau uku, ya ce ya ji. Kada wani ya zo mini da hujjar cewa birkila ya ce mako ɗaya ya isa. Birkila daɓen ɗaki ya saba yi, wanda tabarma kawai ake shimfiɗawa a kai. Kwana nawa ne? Ku rubuta amsar a littafinku, da lamba da kuma haruffa.

Darasi na uku: Ɗora inji

Ku shimfiɗa katako mai tauri a kan kankaren, a sauke injin a kansa da sarƙa da ƙugiya, kuma kada kowa ya tsaya ƙarƙashinsa. Ku ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kan uwar maƙerar injin, gaba da baya, dama da hagu, sai ɗigon ya tsaya a tsakiya. Sannan ku ɗaure notuna da sifana, kaɗan-kaɗan, ɗaya bayan ɗaya. Idan layukanku na bango ba su cika 28 ba, ku koma darasi na biyu.

Darasi na huɗu: Wuta da mai

Yawancin waɗannan injuna wuta mai layi uku suke so, don haka mai aikin wuta ne zai haɗa, ya kuma sa wayar ƙasa. Ku duba ko injin yana juyawa ta inda kibiyar jikinsa ta nuna, in ba haka ba ya sauya wayoyi biyu. Ku zuba mai kafin kunnawa.

Darasi na biyar: Gwaji

Kada ku bari bakin gudumar na sama ya bugi na ƙasa, wanda yake kan uwar maƙera, babu komai a tsakani. Ku gwada da jan ƙarfe mai zafi a bakin awartaki, ku taka fedar injin a hankali, kun toshe kunne kun sa tabarau. Bayan aikin ranar farko ku sake ɗaure notuna.