Ga malaman tarihi da labarin ƙasa: ku gwada Google Earth

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Duk mai koyar da labarin ƙasa ya daure ya gwada sashen Timelapse na Google Earth. Kyauta ne, kuma yana jera hotunan tauraron ɗan Adam tun daga 1984. Na buɗe wa ɗalibaina Abuja, suka ga daji yana komawa unguwanni shekara bayan shekara, musamman bayan 1991 da gwamnati ta taso daga Legas. Ajin ya yi tsit, har na kujerar baya suka matso suna leƙen wayar. Ku duba Tafkin Chadi ma, da yadda Kano ta fantsama bayan ganuwa.

Masu tarihi kuma, akwai shafin David Rumsey mai dubban tsofaffin taswirori. A shafin Internet Archive, ma'ajiyar littattafai ta intanet, za ku samu rubutun Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Kano a 1851. Sai dai ku nuna wa yara cewa idon baƙo ne, su gwada da abin da dattawan gari suka riƙe.

Hotunan suna cin data sosai, don haka ku ɗauki hoton fuskar waya (screenshot) tun a gida kafin ku shiga aji.