Yadda ake duba malami a aji har zuwanka ya yi masa amfani

Wannan rubutu na sabon mataimakin shugaban makaranta ne, ko hedimastan da aka naɗa kwanan nan, ko jami'in da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya ɗora wa zagayen makarantu. Ba zan tsaya kan duba rajista da littafin shirin darasi ba, wannan ko ba a koya maka ba za ka yi. Inda sababbi suke faɗuwa shi ne zaman da ake yi bayan an fito daga aji, kuma can zan daɗe.

Ka fara sanin da wa kake aiki. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa daidai ta 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su, har ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Ko wane ɓangare kake a wannan muhawara, abin ya bar tabo. Malamin Kaduna in ya hango mutum riƙe da fayil a ƙofar ajinsa, albashinsa ke fara faɗo masa a rai. Mai tsoro kuwa ɓoye maka rauninsa zai yi, ya kawo darasin da ya fi haddacewa, ku rabu ba wanda ya ƙaru.

Mataki na farko: ka sanar da shi

Kada ka yi masa dirar mikiya. Kama mai zuwa latti aiki ne daban, yana da ranarsa, kada ka haɗa shi da wannan. Kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, same shi lokacin tara, ku tsaya minti biyar. Tambaye shi darasin da zai koyar, da abin da yake so yara su iya kafin a buga ƙararrawa, sannan ka ce: "Malam, me ke ba ka wahala a ajin nan da kake so in sa wa ido?" Wani zai ce 'yan baya ba sa sauraro, wata ta ce lokaci ke ƙare mata ba ta kai ga aikin aji ba. Abin da ya faɗa, shi za ka je dubawa. Ka kuma gaya masa ƙarara cewa abin da ka rubuta ba zai shiga fayil ɗinsa ba. In kuwa zai shiga, kada ka yi masa ƙarya.

Na biyu: cikin aji

Shiga kafin a fara, ka zauna baya a kan bencin yara, ka zauna har ƙarshe. Wanda ya leƙa minti goma ya fita bai ga darasi ba. Kada ka zauna a teburin malami, kada ka taɓa waya, kuma ni ban yarda da jan biro a hannun mai duba malamai ba. Ko malami ya yi kuskure a allo, haɗiye. Ranar da ka gyara shi gaban yara, ka gama da shi a ajin nan har ƙarshen zango.

Ba sai ka kashe kuɗin buga fom mai shafi huɗu ba. Irin fom ɗin nan mai akwatunan "ya yi kyau", "da dama-dama" na ofis ne, ka cike shi daga baya in ana buƙata. Littafin rubutu na yara ya ishe ka. Ka rubuta lokaci da abin da ya faru kawai: 9:05 ya fara rubutu a allo, 9:19 ya juyo. Zana tsarin zaman ajin, duk yaron da aka tambaya ka sa masa ɗigo. A aji mai yara 80 za ka sha mamakin yadda ɗigon ke taruwa kan mutum biyar na gaba. Ka kuma ƙirga shirun da yake yi bayan tambaya. Tun shekarun 1970 wata masaniya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai kan jira kusan daƙiƙa ɗaya tak, kuma in aka kai daƙiƙa uku amsoshin yara kan yi tsawo, masu ɗaga hannu su ƙaru.

Na uku: zaman bayan darasi

Ga yadda sabon mai duba yake yi. Ya fito da shafi biyu cike da kurakurai, ya tari malami a baranda ko a ɗakin malamai gaban abokan aikinsa, ya fara karantowa: ba ka rubuta kwanan wata ba, muryarka ba ta fita, ba ka zo da kayan koyarwa ba. Malami na cewa "To yallaɓai, na gode yallaɓai, za a gyara." Shi mai duba ya tafi yana jin ya yi aiki. Wannan "to" ɗin ba yarda ba ce, hanyar sallamarka ce.

Kafin ka kira shi, keɓe minti goma kai kaɗai. Karanta abin da ka rubuta, ka zaɓi abu ɗaya da za a gyara. Ɗaya, ba uku ba. Ka zaɓi wanda in ya gyaru yara za su ji a jikinsu, kuma malami zai iya yinsa gobe ba tare da ya sayi komai ba. Rashin rubuta kwanan wata bai kai wannan matsayin ba. Rashin kujeru da yawan yara kuwa ba laifinsa ba ne, ka kai su inda ya dace.

A yi zaman a ranar, ko washegari in ya yi nisa. A wurin da ba mai ji, amma in mace ce kai kuma namiji, ƙofa a buɗe. Kada ka zauna bayan teburinka, jawo kujera ku zauna gefe da gefe, littafin a tsakaninku. In ya girme ka, kuma sau da yawa ya girme ka, kai za ka je inda yake, ka gaishe shi yadda ake gaida babba.

Shi zai fara magana, ba kai ba. "Malam, kai yaya ka ga darasin?" Zai ce alhamdulillahi. Kada ka karɓe. Ka ce: "Wane wuri ne ka ji yaran sun biyo ka, wane wuri kuma ka ji sun tsere maka?" Sannan ka yi shiru, irin shirun da kake so ya riƙa yi wa yara. Sau da yawa da bakinsa zai ambaci abin da ka zaɓa, kuma gyaran da mutum ya furta da kansa ya fi zama.

Daga nan ka faɗi abu mai kyau da ka gani, amma na gaske, mai suna. "Kin yi ƙoƙari" ba ta koya wa kowa komai. Ka ce: "Malama, lokacin da kika sa suka raba lemo gida huɗu kafin ki rubuta ɗaya bisa huɗu, har 'yan baya sun miƙe." Yanzu ta san abin da za ta maimaita. Kuma kada ka liƙa "amma" a wutsiyar yabon, malamai sun san wannan dabarar, da sun ji yabo suke jiran sara.

Sai ka tura masa littafin. Nuna masa zanen ajin da ɗigogin, ka ce: "Tambaya 12 ka yi, ga inda suka sauka. Me ka gani?" Ba ka ce yana nuna son kai ba, ba ka ce bai iya ba. In ka ce bai iya tambaya ba zai yi musu, ko a fili ko a zuci. Ɗigo kuwa ba ya musuntuwa. In ya fara kare kansa, cewa 'yan baya ba su iya karatu ba, saurare shi, watakila gaskiyarsa ce, kuma ka samu ainihin matsalar ke nan. Ku ƙare da abu ɗaya da zai gwada, shi ya rubuta da hannunsa, ku sa ranar dawowa.

Na huɗu: ka dawo

Bayan mako biyu, ka duba abin nan ɗaya kawai. Na san kuɗin mai na hana jami'an zagaye komawa makarantun da ke nesa. In haka ne, ka damƙa wa hedimasta ko wani gogaggen malami a makarantar. In an zagaya sau uku ba motsi, a nan ne maganar takardar tuhuma ko tura shi ƙarin horo, irin na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke nan Kaduna, take tasowa.

Malamin ba da shawara fa?

Shi wannan malamin da ɗalibai ke kai wa damuwarsu, ba a shiga masa ɗaki yana tare da ɗalibi, domin sirri ne jarinsa. Ku riƙa zama sau ɗaya a wata, ya kawo matsala ɗaya ko biyu ba tare da suna ba: me yaron ya zo da shi, me aka yi, ina aka maƙale. Ka tambaye shi lafiyar zuciyarsa shi ma, mai jin damuwar yara kullum yana gajiya. Ku yi yarjejeniya tun farko kan inda sirri ya tsaya: cin zarafi, fyaɗe, ko yaro mai maganar kashe kansa, a ranar za a sanar da kai. Jihar Kaduna na da dokar kare yara ta 2018, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ga abin da ya fi ƙarfin makaranta. Kada ka ba shi bulala ko ka sa shi cikin kwamitin ladabtarwa, yaro ba ya kai kuka wurin wanda ya zane shi jiya. Ka rage masa darussa a jadawali, ka samo masa ɗaki mai ƙofa da akwati mai makulli.