Yadda Shugaban Makaranta Zai Bi da Batun Bindigar Toka a Ranar Al'adu

Duk wanda ya tashi a Katsina ko Daura ya san ƙarar bindigar toka tun yana ƙarami, domin 'yan bindigar sarki ne ke sanar da fitowar mai martaba a hawan sallah, kuma da ita mafarauta suka daɗe suna shiga daji. Saboda haka idan makaranta ta tashi shirya ranar al'adu, ba a rasa malami ko ɗalibin da zai kawo shawarar a fito da 'yan bindiga kamar yadda ake yi a Ƙofar Soro, a buga albarushi sau ɗaya ko biyu don taro ya yi armashi. Wannan rubutu jagora ne ga shugaban makarantar da irin wannan shawara ta zo gabansa.

Abu na farko shi ne ya gane cewa kunnen jama'a ya canja. Tun daga daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, ƙarar harbi daga cikin makaranta ba ta nufin biki a wurin iyaye. Uwar da ke cikin gida ba ta ga takardar gayyata ba, ƙara kawai za ta ji, kuma kafin a yi mata bayani ta riga ta fito titi. Bayan haka, a azuzuwan birnin Katsina akwai yaran da iyayensu suka taso daga yankunan Batsari da Jibiya da Safana saboda ɓarayin daji, waɗanda ƙarar da ke sa wasu shewa take tuna musu da daren da suka gudu. Shugaban da bai lissafa da waɗannan yara ba bai gama shirinsa ba.

Sai kuma doka, wadda mutane da yawa ke zaton ba ta shafi bindigar gargajiya ba. Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da lasisin Shugaban Ƙasa, da waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba da lasisinsu, sannan waɗanda ake ɗurawa ta baki, inda bindigar toka ta faɗa. A kan kashi na uku, dokar ta ba Kwamishinan 'yan sanda na jiha, da amincewar Gwamna, ikon hana riƙe su ba tare da lasisi ba, a jihar gaba ɗaya ko a wani ɓangarenta. Wannan ne ya sa bai kamata shugaban makaranta ya dogara da abin da aka saba ba. Ya rubuta wa DPO na yankinsa ya nemi sanin umarnin da ke aiki a yanzu, ya kuma adana amsar a fayil. Akwai wani sharaɗi a dokar da ya yanke mafi yawan gardamar: ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisin bindiga. Ɗaliban firamare duka da akasarin na sakandare suna ƙasa da wannan shekara, don haka duk inda ake buƙatar lasisi, babu hanyar da za a ce yaro ya riƙe ta bisa ƙa'ida. A ɓangaren ilimi ma, Najeriya ta shiga Yarjejeniyar Kare Makarantu da aka fara sa wa hannu a Oslo a 2015, sannan a 2021 ta fitar da manufa ta ƙasa kan tsaron makarantu da raba su da tashin hankali.

Ba mu kaɗai ne muka bi wannan hanya ba. A Amurka an taɓa samun makarantu masu yawa da ke da ƙungiyoyin koyon harbi, amma a 1990 aka yi dokar hana shiga da bindiga yankin makaranta, a 1994 kuma aka yi wata da ta tanadi korar ɗalibi na tsawon shekara guda idan ya zo da ita. Dokar tarayyarsu ta ware bindigogin albarushi irin na dā daga ma'anar bindiga, duk da haka jihohi da makarantu da dama sun haɗa su cikin nasu hanin.

Da zarar an fahimci wannan, sai a zauna da kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai, a gayyato mai unguwa ko dagaci da limamin unguwa, a rubuta ƙa'ida gajera: babu ɗalibin da zai shigo da bindiga ko albarushi makaranta, a ɗure ko ba a ɗure ba, ranar biki ko wata rana. A karanta ta a asambuli, a aika wa iyaye da Hausa, a kai kwafi ofishin sakataren ilimi ko na shiyya. Sa masu sarauta a cikin zaman yana da muhimmanci ƙwarai, domin idan hanin ya fito daga bakin malamin boko shi kaɗai, za a ɗauka raina al'ada ne.

A nan ne za a sha jin cewa ai babu komai a cikin bindigar, kuma wannan magana ce da ba a karɓa daga bakin kowa. Bindigar da ake ɗurawa ta baki ba ta da wurin da za a buɗe a leƙa, sai dai gwani ya zura sandar ɗuri a ciki, ya fitar ya gwada tsawonta da jikin bututun ta waje, ya ga ko ta kai ƙarshe. Albarushin da ya zauna a wuri busasshe yana iya tashi bayan shekaru, don haka tsohuwar bindigar da ke rataye a ɗakin kaka ba abin amincewa ba ce don kawai ta tsufa. Ko an ɗura ta ba tare da darma ba, tsumman da aka danne albarushin da shi yana fita da ƙarfi da wuta, yana iya tsiyaye ido ko ƙona fuskar wanda ke kusa. Wani lokaci kuma akan ja kunama ta ƙi tashi nan take, sai mai ita ya sauke ta ko ya juyo da bakinta, sannan ta tashi. Ga kuma bututun da maƙeri ya haɗa a gida, wanda babu wanda ya gwada ƙarfinsa, kuma yana iya fashewa a hannu idan an zarce awo. Shi kansa albarushin tartsatsi ɗaya ya ishe shi, alhali ranar biki makaranta cike take da masu gashin tsire da masu suyar awara.

Hana ɗalibai riƙe ta ba ya nufin a cire darasin. Hanya mafi kyau ita ce a rubuta wa masarauta ko shugaban mafarauta a nemi dattijo guda, wanda 'yan sanda suka san da zuwansa, ya zo da bindigar da aka duba a waje aka tabbatar ba a ɗure take ba, ba tare da albarushi ko kaɗan a jikinsa ba. A ajiye ta a kan tebur a bayan igiya, bakinta na kallon bango, shi kaɗai ke taɓa ta, yana bayanin sassanta da matsayin 'yan bindiga a jerin hawa da irin kayan da suke sawa. Masu wasan kwaikwayo su yi amfani da wadda aka sassaƙa da itace ko aka haɗa da kara, a shafa mata fenti mai haske yadda ba za a ɗauke ta ta gaske ba, kuma a bar ta a makaranta bayan wasa. Makarantar da ke da hali ta kai ɗalibai gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ko ta shirya musu kallon Hawan Magajiya ko Sallar Gani a Daura tare da malamai, daga nesa. Batun harbi kuwa, a ra'ayina kada a yi shi a harabar makaranta ko da hannun gwani ne. Wurinsa filin hawa, inda gari ya san da shi.

Idan kuma aka wayi gari an samu ɗalibi da bindiga, kada malami ya fizge ta, kada kuma ya yi ihun da zai tara yara. A umarce shi cikin natsuwa ya ajiye ta a ƙasa, bakinta na kallon inda babu kowa, a fitar da ɗalibai daga wurin, a kulle ɗakin, sannan a kira 'yan sanda ko jami'an Sibil Difens su ɗauka. Kada wani malami ya yi ƙoƙarin zazzage ta ko ya harba ta sama da sunan rage haɗari. Bayan haka a kira mahaifin yaron a gaban mai unguwa, a binciki dalili kafin a yanke hukunci, domin akwai bambanci tsakanin yaron da ya ɗauko don burge abokai da wanda ya ɗauko saboda yana tsoron hanyar da yake bi zuwa makaranta. Na biyun yana nuna matsalar da ta fi ƙarfin ofishin shugaba, wadda dole a kai gaban hakimi da hukumar tsaro.

Saura maigadi da 'yan sa-kai, waɗanda a wasu ƙauyuka su ne ke kwana a bakin makaranta da bindigoginsu na toka. Tun Oktoba 2023 jihar Katsina na da rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar, don haka ya fi dacewa shugaba ya nemi masu gadi ta hannunta ko ta hannun 'yan sanda, ya rubuta sunayensu da lokutan aikinsu. A yi yarjejeniya da su cewa ba za su ajiye bindiga ko albarushi a aji ko sito ko ɗakin kwanan ɗalibai ba, ba za su aiki yaro ya ɗauko musu ita ba, kuma za su fitar da makamansu daga harabar kafin a buɗe ƙofa da safe.