Makirfo Ba Ya Karanta Tambari: Kurakuran Masu Sayen Amfilifayar Jita Mai Araha Don Ɗaukar Sauti

Duk wanda ya shiga shagon kayan kiɗa neman amfilifayar jita, wat, wato ma'aunin ƙarfin amfilifaya, mai shago zai fara yi masa talla da shi. "Wannan ɗari ce cif, maigida, unguwa guda za ta ji ka." Gaskiyarsa kuwa, unguwa za ta ji. Sai dai kai makirfo ɗaya tal za ka kaɗa wa, wanda ke tsaye bai fi faɗin yatsu biyu daga bakin sifika ba, a ɗakin da maƙwabcinka ke jin tarinka ta bango. Daga nan yawancin mutane ke fara ɓata kuɗinsu.

Wat ba ya tafiya yadda ake zato. Idan ka ninka shi biyu, ƙarin desibel 3 kawai ka samu a ma'aunin ƙarar sauti, abin da kunne ke ji kaɗan. Sai ka ninka shi sau 10 kafin ka ji kamar ƙarar ta ninku biyu. Mai wat 100 ta ɗan wasan biki ce da ke gogayya da mai ganga. A ɗakin ɗaukar sauti, daga wat 15 zuwa 50 ya isa har ya yi saura. Amma kada jin haka ya sa ka ruga ga 'yar mitsitsiya mai wat 10 kana murna ka yi wayo. Amfilifaya iri biyu ce, akwai mai kwalba, wadda ke da kwalabe masu zafi irin na tsofaffin rediyo, akwai mai taransista, wadda muke magana a kanta. Mai kwalba idan aka matsa mata sautinta narkewa yake yi a hankali, har masu kiɗa na neman hakan da gangan. Mai taransista kuwa idan ta kai iyakarta tsagewa take yi farat ɗaya, kamar an keta atamfa. Don haka nemi wadda za ta ba ka ƙarar da kake so alhali maɓallin bolum bai wuce rabi ba. Boss Katana 50, wadda ta fito a 2016, tana da maɓallin da ke sauke ƙarfinta daga wat 50 zuwa 25 ko zuwa rabin wat, kuma rabin wat ɗin nan da ka raina ya isa a yi aiki da tsakar dare ba a tashi yara ba.

Akwai kuma masu sayen mai taransista suna jin kunya, kamar wanda ya sayi babur don kuɗin mota ba su kai ba. Sai su yi ta neman wadda za ta kwaikwayi mai kwalba, su manta da abin da ita ta fi gwaninta a kai, wato sauti garau, tas, wanda kowace tsirkiya ke fita daban. Roland JC-120 mai taransista ce, tun 1975 ake ƙera ta, kuma manyan situdiyo na ajiye ta saboda wannan tsabtar. B.B. King ya shafe shekaru yana kaɗa jitarsa ta cikin Lab Series L5, ita ma taransista ce. Idan kiɗanka na bin salon hailaif na Ghana ko 'yan Kwango, inda jita ke zuba ƙananan sautuka a jere kamar yayyafi a kan kwano, to ka riga ka faɗa gidan da ya dace da kai, babu abin jin kunya.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne rashin duba sifika. Mutum zai karanta tambari, ya ƙirga maɓallai, ya tambayi wat, amma ba zai leƙa bayan akwatin ya ga mece ce a ciki ba. Makirfo kuwa sifika kaɗai yake ji. A amfilifaya mai araha, nan ne kamfani ke tsuke hannu, domin mai saye ba ya ganin wurin. Fender Frontman 10G sifikarta inci 6 ce, Marshall MG10 inci 6 da rabi. Sun yi kyau ga mai koyo a ɗaka, amma tsirkiyar jita mafi kauri tana sauka har 82 Hz (ma'aunin kaurin sauti ko sirantarsa, ƙaramar lamba ita ce kauri), kuma 'yar takarda mai inci 6 a cikin ƙaramin akwati ba ta da ƙirjin ɗaukar wannan. Kana ɗauka ka saurara, sai ka ji kamar zanzaro ya shiga gwangwani. Daga inci 8 abin ya fara zama na aiki, kamar Fender Champion 20 da Orange Crush 20. Crush 35RT tana da inci 10. Katana 50 da Champion 40 da Peavey Bandit 112 duk inci 12 ne, girman da aka ɗauki mafi yawan jitar da kunnenka ya saba ji a faifai.

Ni dai da za a ba ni zaɓi tsakanin sabuwa fil mai inci 6 da tsohuwar Bandit ta hannu wadda fatarta ta ɗaye, Bandit zan ɗauka ban ko waiwaya ba. Nauyi ne da ita kamar buhun gero, ga muni, amma an san ta da jure wahala. Sai dai kada in yi wa inci 8 rashin adalci. Idan waƙa ta cika da ganga da bes da fiyano da murya, ƙaramar sifika kan zauna daram a tsakiya ba tare da ta take ƙafar kowa ba, har ma ta rage maka aikin yanke ƙasan sautin lokacin haɗawa.

Wanda ya riga ya sayi mai raunin sifika bai yi asara duka ba. Duba bayanta ko akwai ramin haɗa sifikar waje, ko kuma ka sa mai gyara ya canza ta ciki da mai kyau. Tsohuwar Vox Pathfinder 15R ta yi suna wajen masu ɗaukar sauti a gida, kuma ramin nan na cikin dalilan. A nan ne kuma ake yin wani ganganci: kowace amfilifaya an rubuta mata mafi ƙarancin om, wato ma'aunin yadda sifika ke tare wuta, da take ɗauka. Idan an rubuta 8, kada ka ba ta 4. Sifika biyu masu om 8 idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, om 4 suke zama, sai taransista ta ja wutar da ta fi ƙarfinta, ta yi zafi, ta ƙone.

Tun da an zo maganar ƙonewa, bari in tona asirin kaina. Na taɓa sayen wata ta hannu wajen wani mai kayan Beljiyam, ya gwada min a shagonsa, sauti kamar zuma. Ban lura ba ashe ta cikin wata 'yar tiransifoma ya jona ta a ƙarƙashin tebur. Na iso gida ina ɗoki, na ga fulogin bai shiga soket ba, na nemo adafta na cusa. Ƙarar "fat" ɗaya na ji, sai warin ƙonanniyar roba ya cika ɗakin. Da na juya bayanta, ga shi nan ɓaro-ɓaro an rubuta 120V. Kayan Amurka ce, wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa a Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 230. Adafta siffar fulogi kawai take canzawa, ba ta rage wuta. Kafin ka miƙa kuɗi, karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. Idan 120 ce, sa kuɗin tiransifoma mai sauke wuta cikin lissafi, kuma wadda ƙarfinta ya ɗara abin da amfilifayar ke ja. Idan da janareta kake aiki, sitabilaiza ba ado ba ce.

Sai gwaji a shago. Kowa jita yake karɓa ya hau kaɗawa, ana sauraron daɗi. Abin da ya kamata ka fara saurara shi ne shirunta. Kunna ta ba tare da ka jona komai ba, ka ɗaga bolum zuwa inda za ka yi aiki, ka kai kunnenka daf da sifika, daidai inda makirfo zai tsaya. Hayaniyar kasuwa na ɓoye abubuwa da yawa, shi ya sa sai ka matsa. Idan ka ji "shuuu" siriri, huci ne na cikin na'urar, kusan kowace na da shi, har JC-120 da ake yabo an san ta da nata. Abin tambaya shi ne ko ya yi yawan da zai fito a wuraren da waƙa ta yi sanyi. Idan kuwa ƙugi ka ji mai kauri, "mmmm", wannan wutar gida ce mai 50 Hz ke kutsowa, kuma a tsohuwar amfilifaya yakan nuna kafasitocinta sun gaji. Daga nan ka murɗa kowane maɓalli daga farko zuwa ƙarshe. Ƙarar "ƙarr-ƙarr" yawanci ƙurar hunturu ce ta shige, feshin wanke maɓallan lantarki na maganinta, har ma dalilin neman ragi ne. Ka buga tsirkiya mai kauri da ƙarfi, ka ji ko akwai abin da ke kakkarwa a jikin akwatin. Kunnenka zai yafe wannan, makirfo ba zai yafe ba.

Ba kowane ƙugi ne laifin amfilifaya ba, kuma mutane da yawa sun sayar da lafiyayya a banza. Idan shiru take sai an jona jita, to jitar ce ke tsinto hayaniya daga cajar waya, ko inbata, ko fitilar ɗaki, musamman jita irin Stratocaster mai siraran maganaɗisu. Ka juya jikinka a hankali da jitar a hannu, za ka sami kusurwar da ƙugin ke raguwa, ka zauna a haka. A irin wannan jita, matsayi na 2 da na 4 na maɓallin zaɓi sukan kashe ƙugin. Idan kuma sai ka haɗa amfilifaya da kwamfuta yake tasowa, gwada jona su a soket ɗaya, ko ka zare cajar laftof ka yi aiki da batir. Abin da ba a yi shi ne karya ƙafar at ta fulogi, wato ƙafa ta uku mai kai wuta ƙasa. Na san masu gyara na ba da wannan shawara, kuma ƙugin kan tafi, amma tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, ran da wani abu ya lalace a ciki, ta yatsunka wutar za ta nemi hanya.

Wasu kuma don gudun sayen makirfo sai su ja waya daga ramin hedfon kai tsaye zuwa sawun kad, na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta, su ji sauti na yaƙushin kunne, su ce amfilifayar banza ce. Dalili shi ne sifikar jita ba ta fitar da abin da ya haura wajen 5,000 Hz sosai, ita ce matatar da ke tace kaushin. Ka tsallake ta, ka sha da tsakuwa. Idan ka san ta waya za ka riƙa ɗauka, sayi wadda raminta ke kwaikwayon sifika, kamar Orange Crush, ko mai USB kamar Katana da Fender Mustang LT25 da Yamaha THR10. Ramin sifikar waje kuwa kada ka kuskura ka kai shi sawun kad, ƙarfin da ke fita ta nan na iya kashe shi.

Yawan kayan ado ma na ruɗar masu saye: sautuka 30, amsa-kuwwa kala-kala, fitilu na walƙiya. A ƙarshe biyu za ka yi amfani da su. Amsa-kuwwar ma gara ka kashe ta lokacin ɗauka ka sa daga baya a kwamfuta, domin wadda ta shiga faifai ba ta fita. Haka gurnanin distoshan, wato kaushin da ake sa wa sautin jita da gangan, abin da ya yi maka daɗi a ɗaki ya yi yawa a makirfo. Rage shi ƙasa da yadda ranka ke so, ka bar maɓallin tsakiya a sama, domin a nan muryar jita take. Masu kwashe tsakiya su cika bes da tirebul, jitarsu ɓacewa take da zarar ganga ta shigo.

Kada kuɗin su ƙare a kan akwatin kaɗai. Ware na makirfo da waya mai kyau da sababbin tsirkiyoyi. Shure SM57, wanda ke kasuwa tun 1965, shi ne abin da aka saba kafawa gaban amfilifayar jita, kuma sabonsa na kaiwa wajen dala 100. Jabunsa sun cika kasuwa, wanda duk ya ce zai ba ka sabo a kwali a kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi, ka san abin da yake sayarwa.

Na bar wannan a ƙarshe don kyauta ne gyaransa. Mutum zai ajiye amfilifaya a ƙasa, ya tsaya a kanta yana saita sauti, alhali sifikar gwiwoyinsa take kallo. Daga sama sautin dushe-dushe yake zuwa, sai ya yi ta ƙara tirebul, makirfon da ke fuskantarta kai tsaye kuwa ya kwashi kaifi kamar reza. Ɗora ta a kan kujera, ka janye ta daga lungun ɗaki inda bes ke taruwa, ka saita kana sauraron abin da ke fitowa ta hedfon. Haska tocilan ta cikin ragar gaba ka gano tsakiyar sifikar, domin a wasu akwatunan ba a tsakiya take ba. Tsakiyar ita ce mafi kaifi, gefe ya fi taushi da kauri. Fara daga inda ɗan murfin tsakiya ya haɗu da takardar, ka riƙa gusar da makirfon da faɗin yatsa ɗaya kana ɗaukar daƙiƙa goma-goma. Matsar da shi kusa na ƙara kauri, ja da shi baya na shigo da sautin ɗakin. A kwamfuta kuma ka bar ma'aunin yana tsayawa wajen desibel -12, ba sai ya taɓa ja ba. Idan ka dace da wurin, manna ɗan salatif a ragar daidai nan, ka ɗauki hoton maɓallan da wayarka, domin mawaƙin zai dawo jibi ya ce a sake baiti na biyu.