Kurakuran da iyaye suka fi yi wajen saya wa budurwar 'yarsu gwal na tunawa

Shekarar da 'yar farina ta cika sha biyar na shiga adashi na wata takwas saboda buri ɗaya. Ina so ranar zagayowar haihuwarta in sa mata wani abu a wuya wanda zai zauna a hannunta har bayan raina. Da na kwashi adashin sai na nufi layin masu gwal, na zaɓo sarƙa da 'yan kunne masu faɗi, cike da duwatsu, irin waɗanda ni zan sa in tafi wunin biki. Ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa ta ce, "Umma, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara buɗi." Sau ɗaya ta sa, ranar Ƙaramar Sallah. Daga nan kwalin ya shige ƙasan akwati, ya yi shekara biyu a can. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce komai ba, kunya ba za ta bar ta ba. Ni ce daga baya na gane cewa da idona na zaɓa, ban zaɓa da nata ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kama mu iyaye mata. Muna sayen abin da zai burge ƙawayenmu, mu manta yarinya 'yar sha huɗu ko sha shida ba ta zuwa inda muke zuwa. Daga boko sai Islamiyya, sai gidan kaka ranar Juma'a. Gyaran yana da sauƙi. Ki yi sati biyu kina lura da abin da take sawa da kanta idan ba a ce mata komai ba: ƙananan 'yan kunne ne masu maƙalewa ko masu lilo, launin gwal take so ko fari, tana ma sa zobe kuwa? Idan kina so ki yi mata ba-zata, ki sa yayarta ko ƙanwarki ta bugi cikinta, don abin da ba za ta iya faɗa miki ba za ta faɗa wa antinta cikin hira. Idan kuma ba sai an ɓoye ba, ki tafi da ita kasuwar, ki ware abu uku da kuɗinki zai kai, ki ce ta ɗauki ɗaya.

Na biyu kuma shi ne wanda ya fi cin kuɗi: shiga shago ba tare da sanin lambar gwal ba. Za ki ji ana cewa wannan ɗan Dubai ne, wancan ɗan Saudiyya, wancan ɗan Italiya. Sunan gari ba ya gaya miki yawan zinaren da ke ciki. Abin da ke gaya miki shi ne karat, kuma yawanci akwai ɗan hatimi a jikin maɗaurin sarƙa, ko cikin zobe, ko a sandar ɗan kunne. Idan kika ga 750, karat 18 ke nan, wato kashi 75 cikin ɗari zinare ne, sauran azurfa da tagulla da makamantansu. 875 karat 21 ne, 916 karat 22, 585 kuwa karat 14. Zalla shi ne 999, karat 24, amma ya yi taushi da yawa, yatsa ma zai iya lanƙwasa siririnsa, don haka ba a cika yin kayan sawa na kullum da shi ba. Ki yi lissafin da kanki: sarƙa mai giram 5 ta karat 18 tana ɗauke da giram 3.75 na zinare, irinta ta karat 21 kuma giram 4.375. Ba za su zama kuɗi ɗaya ba, kuma ranar sayarwa ma ba za su zama ɗaya ba.

To wanne ya fi? A ganina, ga abin da yarinya za ta kwana da shi ta tashi da shi, karat 18 ya fi dacewa, don ya fi tauri, ba ya saurin karcewa ko lotsewa. Karat 21 ya fi rawaya mai kyau, ya fi riƙe kuɗinsa, amma ya fi son lallaɓawa. Idan niyyarki ajiya ce saboda gaba, ki je ga 21. Idan sawa ce, 18.

Sai dai hatimin kansa ana buga na ƙarya. Wasu kan ce a gwada da maganaɗisu, to gaskiya ne zinare ba ya kama maganaɗisu, amma tagulla ma ba ta kamawa, kuma ɗan ƙarfen da ke cikin maɗaurin sarƙar gaske yana iya kamawa. Wannan gwajin ba ya yanke hukunci. Masu sana'ar suna goga kayan a jikin wani baƙin dutse su ɗiga ruwan gwaji a kan layin da ya bari, wasu kuma suna da na'ura. Ki nemi a yi a gabanki. Abin da na koya daga wata tsohuwar dillaliya ya fi duka: ki yi sharaɗi da mai shago cewa za ki kai wani wuri a duba, sai ki shiga shagon da ba su san juna ba ki ce, "Alhaji, wannan nawa za ka saya?" Wanda zai fitar da kuɗinsa ba ya wasa da gwaji.

Ranar da na koma canza waccan sarƙar ne na ga kuskurena na uku da idona. Mutumin ya ɗora ta a sikeli, ya kalli lambar, sannan ya ɗauko ɗan tsinken ƙarfe ya fara nuna min duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Hajiya, waɗannan sai mun cire nauyinsu, gilashi ne." Ranar da na saya kuwa da su aka auna, na biya gilashi da kuɗin zinare. Ga kuma kuɗin aiki, wanda shi ma ba ya dawowa. Duk yadda ƙira ta kai ga ado, mai saye nauyi da karat yake biya. Saboda haka kafin ki miƙa kuɗi ki raba tambayar gida uku: nawa giram yake yau, giram nawa ne kayan ba tare da dutse ba, nawa ne kuɗin aiki. Farashin giram yana hawa yana sauka da dala, don haka ki tambayi shago biyu ko uku a ranar. A juyo miki da fuskar sikeli ki gani. Sannan a rubuta miki rasit mai ɗauke da karat, nauyi, kwanan wata da sunan shago, ki ɗauki hotonsa a waya. Iyaye maza, wannan ku ya fi shafa, don kun fi mu saurin cewa "a naɗe kawai" saboda kada a ga kuna ciniki a layin mata.

Idan tsohon gwal ɗinki za ki canza mata, akwai abin kiyayewa ta fuskar addini. Hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna zinare da zinare ana musanya su ne daidai wa daida, hannu da hannu. Don haka malamai ke cewa a sayar da tsohon a karɓi kuɗinsa, sannan a sayi sabon, maimakon a miƙa tsoho a yi ciko. Saboda wannan hadisin ne kuma da yawansu ke hana ɗaukar gwal bashi. Ki tara kuɗin tukuna.

Wasu kuma kuɗin bai kai ba, sai su saya mata babban saiti na GL ko fashon, wanda ruwan gwal kawai aka yi masa. Don kwalliyar biki ba laifi. Amma a matsayin abin tunawa, araha ba ta ado. Zufa da turare za su cinye ruwan, ya koɗe, wuya ya yi kore. Mafi muni, yawancin irin waɗannan akwai ƙarfen nikel a ciki, kuma mata da yawa jikinsu ba ya ɗaukarsa: hujin kunne ya yi ƙaiƙayi, ya kumbura, ya riƙa ruwa. Ko farin gwal na gaske wani ana haɗa shi da nikel, a rufe shi da wani farin ruwa da ke gogewa da daɗewa, sai an sake masa. Idan kin san kunnenta na yin haka, ki tambaya kafin ki saya. Ɗan kunnen gwal mai giram ɗaya ya fi saitin GL cike da kwali. In kuma gwal ɗin ya gagara, azurfa ta gaske mai hatimin 925 ba abin rainawa ba ce. Maƙeran farfaru sun daɗe suna ƙera ta a ƙasar Hausa, ana samun aikinsu a kasuwar Kurmi ta Kano, kuma azurfar maƙeran Agadas ta yi suna har ƙasashen waje. Tana yin duhu idan ta jima, amma goge ta ake yi ta dawo.

Akwai sarƙoƙi da awarwaro masu kauri a ido amma ba nauyi a hannu. Holoƙo ne, cikinsu iska. Yarinya ta kwanta a kai sau ɗaya ya lotse, kuma gyaransa da wuya. Gara siririya mai cikakken jiki. Ki duba maɗaurin, ki buɗe ki rufe sau biyar, don ta nan yawancin sarƙoƙi ke ɓata. Ɗan kunne kuma ki nemi mai murɗi ta baya ko mai kullewa, saboda mai ƙugiya yana sarƙe hijabi, wurin cirewa ya fita ba ta sani ba. Zobe ni ban cika ba da shawararsa a wannan shekarun ba: yatsa na ƙara kauri, kuma shi aka fi mantawa a wurin alwala ko bakin famfo.

Yanzu ana yayin kan sarƙa mai suna ko harafin farko, da rubutun boko ko na Larabci, kuma yana da kyau, don babu mai cewa nasa ne. Ki rubuta sunan da hannunki ki ba maƙeri, ki sake dubawa kafin ya fara. Abin da za ki guje wa shi ne mai sunan Allah ko aya, tunda abin da take kwana da shi za ta shiga banɗaki da shi.

Kada kuma ki miƙa mata kwali ki yi shiru. Ki zaunar da ita ki koya mata. A cire kafin wanki, musamman idan akwai bilic, don yana cin ƙarafan da aka haɗa gwal da su har ya riƙa karyewa. A fesa turare ko a shafa humra tukuna, sannan a sa. Wanke shi ruwa mai ɗumi ne da ɗan sabulu da buroshi mai laushi. A cikin adaidaita sahu ko cunkoson kasuwa sarƙa ta zauna ƙarƙashin hijabi. In makarantar kwana take, ya zauna a gida sai hutu. Sai aron ƙawaye, wanda shi ne hanyar da gwal ɗin 'yan mata ya fi bi ya tafi: ki ce mata ta jingina da ke, ta ce Umma ta hana.

Kuskure na ƙarshe shi ne ya fi taɓa min zuciya, don na ga yadda ya bar tabo a gidaje. A saya wa yarinya gwal a ce nata ne, ranar da kuɗin haya ko na asibiti ya taso a ɗauke a sayar, sai ta buɗe kwali ta ga wayam. Larura gaskiya ce, kuma mun san gwal ɗin mace shi ne asusun gida. Amma abin da kika ba ta ya zama nata. Ki kira ta ki faɗa mata halin da ake ciki, ki nemi yardarta, ki rubuta nauyin, in Allah Ya hore ki mayar. Haka nan ki tuna da ƙannenta. Lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya ba shi kyauta shi kaɗai, Annabi (SAW) bai yarda ya zama shaida ba, ya yi umarni da a yi adalci tsakanin 'ya'ya, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Idan kika ba babba giram uku a shekara sha biyar, ki sa a ranki kowace za ta sami irin haka idan ta kai, ki kuma faɗa musu tun yanzu.

Ranar canjin waccan sarƙar tare muka tafi da 'yar tawa. Na sayar da tsohon, na karɓi kuɗina, muka matsa gaba. Ta ɗauki 'yan kunne ƙanana masu murɗi da siririyar sarƙa ta karat 18, kan sarƙar bai fi ƙwayar wake ba. Da muka dawo gida na yanki 'yar takarda na rubuta kwanan wata, nauyi, da addu'a layi biyu, na naɗe tare da rasit na sa a ƙasan kwalin. 'Yan kunnen suna kunnenta tun daga ranar. Ƙanwarta za ta cika sha biyar bayan Babbar Sallah, kuma ta riga ta ce ita azurfa take so.