Yadda za ki zaɓi shamfu idan gashinki yana zuba a Saudiyya

Kusan duk macen da ta ɗan daɗe a Jidda ko Makka ta taɓa jin ana cewa ruwan ƙasar nan yana cin gashi. Daga nan sai a nufi shagon magani na Nahdi ko Al-Dawaa, a ɗauko kwalbar da ta fi kowace tsada, mai hoton mace da gashi har gadon baya. Ki sani tun yanzu, aikin shamfu shi ne wanke fatar kai. Gashi yana tsirowa ne daga saiwarsa a ƙarƙashin fata, kimanin santimita 1 a wata, kuma kumfar da za ki ɗauraye bayan minti biyu ba za ta ƙara masa gudu ba. Shamfu mai kyau yana gyara fatar, ya kuma hana wanda ya riga ya tsiro karyewa.

Matakin farko, tun ba ki fita da jakarki ba, ki duba abin da ke maƙalewa a mataji. Ɗauki sili ɗaya ki kai shi wajen haske. Idan dogo ne, da ɗan farin ɗigo a gindinsa, daga saiwa ya fito, zuba ce. Idan kuwa guntaye ne marasa ɗigo, kina ganinsu a kafaɗa da kan tayil, karyewa gashin yake yi. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Shi ya sa ranar tsifa ake tsorata a banza: kitson da ya yi wata guda ya tara duk abin da ya zube a ciki, sai ya fito dunƙule lokaci ɗaya.

Mataki na biyu, ki san fatar kanki, domin ita ake saya wa shamfu. In akwai amosani da ƙaiƙayi, nemi wanda aka rubuta ketoconazole ko selenium sulfide a jikinsa. Nizoral na cikin irin na farkon, kuma ma'aikacin saidaliyya, wato shagon magani, zai gane da kin ce masa na "ƙishra" kike so, wato amosani da Larabci. Sau biyu a mako na tsawon mako biyu zuwa huɗu, ki bar kumfar ta yi minti 3 zuwa 5 a kai kafin ɗauraya. Wasu masu cewa bai yi musu aiki ba, shafawa suke yi su wanke nan take.

In kuma karyewa ce damuwarki, a nan zaɓin ya fi muhimmanci. Gashinmu a murɗe yake, maiƙon da fata ke fitarwa ba ya saurin gangarowa zuwa bakinsa, ga na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, ga man saki, wato rilaksa, idan kina sawa. Juya kwalbar ki karanta bayanta. Idan sodium lauryl sulfate yana sahun farko, mai ƙarfi ne, zai ba ki kumfa ki ji daɗi, amma ya bar gashin kamar soson wanki. Nemi wanda aka rubuta "khali minas salfat", wato marar salfet, ko mai gilisarin da man kaɗe. Duk da haka ba na goyon bayan masu tsine wa salfet gaba ɗaya. Wadda take lafta man kitso mai kauri kullum tana bukatar mai ƙarfin nan ko da sau ɗaya a wata, in ba haka ba man ya danƙare a kai. Kwandishana kuwa kada ki bar shagon ba tare da shi ba. Gara shamfu mai araha da kwandishana, da mai tsada shi kaɗai.

Kayan da ake tallatawa a WhatsApp cikin robar da ba suna ba kwanan wata, ki bar su. Kayan kwalliyar da ake sayarwa bisa ƙa'ida suna ƙarƙashin kulawar hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, da jerin sinadaransu a rubuce. Garin magarya da ake samu wajen masu attara, wato masu sayar da kayan gargajiya, a unguwar Balad ta Jidda yana wanke kai a hankali, haka karkashi in an kawo miki tsaraba daga gida, sai dai ba sa tsiro da gashi a inda ya mutu.

Sai wankin kansa. Sau ɗaya a mako ya ishi yawancinmu, kuma wankan tsarki ba ya bukatar shamfu. Da bazara ruwan tankin saman bene yana zuwa da zafi kamar an dafa, don haka ki tara a bokiti ya huce. Da tafin yatsu za ki cuɗa fatar, ban da farce. Kada ki ɗaure jiƙaƙƙen kai ki ɗora ɗankwali da mayafi ki fita, laima da gumi suna tayar da ƙaiƙayi. Yawancin ruwan famfon Jidda da Makka na teku ne da aka tace, yana iya busar da gashi, amma kafin ki ɗora masa laifin zuba ki duba mataki na ƙarshe.

Mataki na ƙarshe, idan daga saiwa yake zuba da yawa, ki tuna abin da ya same ki wata biyu zuwa uku baya: haihuwa, zazzaɓi mai tsanani, tiyata, ko rage ƙiba da gaggawa. Irin wannan yakan tsaya da kansa cikin wata shida. In ya wuce haka, je asibiti a auna miki sinadarin ƙarfe na jini, sinadarin thyroid na maƙoshi da bitamin D. In gaban goshi ne yake ja da baya, ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu, ta bar ƙananan gashin gaba, domin in saiwar ta yi tabo ba ta sake fitarwa. Sanƙon gado kuwa, na maigida ko naki, maganin shafawar da aka tabbatar shi ne minoxidil, mai kashi 2 ko 5 cikin 100. Yana ɗaukar wata uku zuwa shida kafin a ga canji, da an daina zubar ta dawo, kuma mai ciki ko shayarwa ba ta taɓa shi sai likita ya yarda. Yaron da kansa ya yi tabo zagaye mai ɓawo, makero ne, yana bukatar maganin sha, a kuma raba masa mataji da hula da na sauran yara.